KAFIN A DANƘA WA KURTU BINDIGA

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya ba mu rai amana, Ya kuma hana mu mayar da shi sai ran da Ya aiko a karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, duk lokacin da Rundunar Sojan Nijeriya ta yi shelar ɗaukar kurata, sai ka ga samarin Anka da Gummi da Bukkuyum sun yi cincirindo a shagunan masu kwamfuta suna cika fom, daga nan su nufi ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali, sa'an nan su jira ranar tantancewa. Sharuɗɗan sanannu ne: shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba ya da wata sana'ar hannu, tsawon da bai gaza mita 1.68 ba ga namiji, da takardar gama sakandare. Za a sa su gudu, a auna su, likita ya duba jikinsu. Wanda ya tsallake sai Zariya, makarantar kurata da aka fi sani da Defo, wadda ke horar da sojan ƙasar nan tun 1924. To, a cikin sharuɗɗan nan akwai guda wanda ake karantawa a wuce, watau cewa lalle mai nema ya kasance da lafiyar hankali kamar yadda yake da lafiyar jiki. A kan wannan za mu tsaya yau, musamman kan tambayar da ta fi kowacce nauyi a baki: shin ya dace a tambayi yaro ko ya taɓa tunanin kashe kansa kafin a danƙa masa bindiga?

Hukuncin kashe kai dai babu ja-in-ja a kansa. Aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana mu kashe kawunanmu, ta kuma rufe hanin da ambaton jinƙan Allah gare mu, hadisai ingantattu kuwa cikin Buhari da Muslimu sun zo da narkon azaba mai tsanani. Wannan kowane ɗalibin Islamiyya ya sani. Amma sanin haramcin abu bai taɓa hana aukuwarsa ba, da haka ne da ba a ga ɓarawo a ƙasar Musulmi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma tana cikin manyan sabubban mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Mu a nan in abin ya faru sai a rufe, don gudun abin faɗi. A sansanin soja ne ba ya rufuwa, domin can makami ne a hannu, wani lokaci kuma ba rai ɗaya yake ɗauka ba. Ran 26 ga Fabrairu 2020, a Malam Fatori ta Jihar Borno, wani kofur ya kashe abokan aikinsa huɗu sa'an nan ya kashe kansa. A watan Maris na 2023, nan kusa da mu a sansanin Rabah cikin Jihar Sakkwato, wani ƙaramin soja ya kashe kwamandan sansanin da wasu biyu, shi ma ya bi su. Abin da ke cikin zukatansu yana wurin Allah. Abin da ke wuyanmu shi ne waɗanda ke kan layi yanzu.

Wanda yake zaton tankaɗe da rairayar mayaƙa baƙon abu ne da Nasara ya kawo, to, ya koma ga tarihin yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Annabi, mai tsira da aminci, ya fita da mutum dubu, munafukai suka zame da wajen ɗari uku, ga Ƙuraishawa dubu uku a gaba. In akwai ranar da ake bukatar kowane hannu, ranar ce. Duk da haka a kan hanya, a wurin da ake kira Shaihaini, ya tsayar da runduna ya duba ta, ya mayar da yaran da ya ga ba su isa ba. Cikinsu har da Abdullahi ɗan Umaru, da Zaidu ɗan Sabitu, da Usamatu ɗan Zaidu, da Barra'u ɗan Azibu. Abdullahi da kansa ya ba da labari cewa yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi, ran yaƙin Handaƙ yana ɗan 15 aka yarje masa. Da Nafi'u ya gaya wa Umaru ɗan Abdul'azizu wannan hadisi, sai ya mai da shi ƙa'ida, ya rubuta wa gwamnoninsa.

Akwai wani wuri mai daɗi a wannan ƙissa. An bar Rafi'u ɗan Hadiju ya wuce saboda an shaida cewa gwanin harbi ne. Samuratu ɗan Jundubu da aka mayar ya ce shi fa yana ka da Rafi'u a kokawa. Aka sa su suka kama, Samuratu ya ka da shi, aka bar shi ya wuce shi ma. Ku duba, jama'a, ba a ɗauki zumuɗin yaro a matsayin hujja ba, ba a kuma rufe masa ƙofa ba tare da an ji ta bakinsa ba. An karɓi shaida, an yi gwaji. Raunin da ake dubawa kuma bai tsaya ga damtse ba. Abu Zarri, wanda Annabi ya shaide shi da gaskiyar harshe, ya nemi a ba shi muƙami, Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa yana da rauni, abin kuwa amana ne. Bai tauye imaninsa da wannan magana ba ko kaɗan. In har za a duba wanda za a danƙa wa ragamar jama'a haka, wanda za a danƙa wa bindiga mai cin harsashi 30 ya fi cancanta a duba shi.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan cutar da ido ba ya gani. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Da likitocin ƙungiyar MSF suka zo, sun ɗibi jinin yaran da ke wasa a tsakar gida, waɗanda iyayensu ke ganin lafiyarsu ƙalau, awo ya nuna guba cike da jininsu. Da an dogara ga ido, da dubban da aka yi wa magani ba su samu ba. Yaron da ke da shekara uku ko huɗu a lokacin, yau shi ne ya kai munzalin cika fom. Kuma abin da ya tarar da ya girma ya fi dalma ɗaci. Ya ga an kore shanun ubansa, an sa wa ƙauyensu haraji kafin a bar su su yi noma, wataƙila an sayar da gona an fanshi mahaifiyarsa. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga sun yi kwanaki suna ƙone ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ƙirga gawa 58, mutanen wurin suka ce an tasar wa 200. Wani yaron yana cikin waɗanda suka haƙa kaburburan nan. Irin wannan saurayi in ya zo neman soja, wani talauci ne ya kawo shi, wani kishin ƙasarsa, wani fansa yake nema, wani kuwa ya riga ya gaji da duniya, yana neman inda mutuwa za ta same shi da suna mai kyau. Dukansu za su iya gudun mil biyu, dukansu sun kai mita 1.68.

Ba mu kaɗai ne muka gamu da wannan ba. Lokacin da kashe kai ya yawaita cikin sojan Amurka, a 2009 suka ƙaddamar da wani babban bincike. Tsakanin 2011 da 2012 aka tambayi sababbin kurata fiye da 38,000, da alkawarin ba za a kai maganarsu ga shugabanninsu ba, sai wajen 14 cikin 100 suka ce tunanin kashe kai ya taɓa zo musu, wajen 2 cikin 100 kuma sun taɓa gwadawa. Wani sashe na binciken ya nuna cewa, cikin sojan da ke bakin aiki masu wannan matsala, kusan rabi da ita suka shigo daga gida. Aka kuma gano cewa ga wanda bai taɓa zuwa fagen fama ba, wata na biyu da shiga soja shi ne mafi hatsari, watau yana tsakiyar horo, an raba shi da gida, ga gajiya ga tsawa, bai kuma yi aboki ba tukuna. Ƙasarsu daban, tamu daban, ba za mu ɗauki lissafinsu mu ɗora wa Gummi ba. Amma ɗan Adam ɗaya ne.

Nan ne wasu ke cewa tambayar kanta mugun baki ce, za ta sa wa yaro abin da babu a ransa. Masana ciwon ƙwaƙwalwa sun bi diddigin wannan tsoro, suka tarar tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa ga wanda ya daɗe yana dakon abin shi kaɗai. Wasu kuma su ce ai ƙarancin imani ne kawai, a sa shi ya yi ta istigfari. Istigfari ba ya da na biyu, amma malamanmu na farko ba su tsaya nan ba. Abu Zaidi al-Balhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi, ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke rufto wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce wannan na biyu tushensa yana cikin jiki, yana kuma bukatar maganin jiki tare da lallashi. Fiye da shekara dubu ke nan. Mu kuma har yau muna ɗaure mai irin wannan ciwo da mari, muna cewa iska ce.

Sai dai kada a ɗora wa tantancewa abin da ba za ta iya ɗauka ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka je Bama, Amurka ta sa likitoci su riƙa ganawa da kowane kurtu na 'yan mintoci, suka mayar da kusan mutum miliyan 2 gida da sunan raunin hankali. Duk da haka waɗanda hankalinsu ya gushe a fagen fama suka zarce na yaƙin farko, har a 1944 aka watsar da tsarin. Ganawar minti uku ba ta karanta gaibu. Kun tuna da Usamatu, ran da ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada, ya ce don tsoro ya faɗe ta, Annabi ya yi ta maimaita masa tambaya ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani. Likita ma ba ya tsaga zuciya. Abin da aka gaya masa shi yake aiki da shi, saboda haka duk al'amarin ya dawo kan gaskiya, gaskiya kuwa ba ta fitowa inda take jawo wa mai ita asara.

Ku yi tunanin yaron da gidansu duka suka zuba masa ido, an ci bashi an yi masa kuɗin mota zuwa Gusau. Ya san in ya ce i, aikin ya tafi. Ya kuma ji cewa dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 231, ta sa yunƙurin kashe kai laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Me zai ce in ba a'a ba? An sami ci gaba a Janairun 2023 da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti don a daina ɗaukar mai wannan yunƙuri a matsayin mai laifi. A ganina wannan ya fi kusa da ruhin shari'a, domin zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa abu ne dabam, tura majinyaci kurkuku abu ne dabam. Haka kuma ya kamata hukumar soja ta rarrabe. Wanda ciwonsa ke kansa a yanzu, a jinkirta shi, a haɗa shi da takarda zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Kware ko Asibitin Tarayya na Gusau, cikin sirri, ba tare da an kira sunansa a gaban layi ba. Wanda kuwa tunani ne ya taɓa gifta masa ran da aka binne ɗan'uwansa, ya wuce, bai kamata faɗin gaskiya ya zame masa rufaffiyar ƙofa ba. In aka kori kowa, gobe ba wanda zai sake faɗi.

Yanzu sai mu juyo gida, inda maganar ta fi zafi. Ba a ɗaukar kurtu sai da sa hannun iyaye da na masu tsaya masa. Uba ya san ɗansa ya yi wata uku ba ya barci, yana magana shi kaɗai. Uwa ta san ranar da aka ƙwace wani abu daga hannunsa da tsakar dare. Mai unguwa ya san yana shan tiramadol. Sai duk a haɗa baki a yi shiru, har wani ya ce ai soja za su gyara shi. Barikin soja ba asibiti ba ne, ya ku iyaye. Sa hannu a kan takardar da ka san ƙarya ce shaidar zur ce, ita ce kuwa Annabi ya tashi zaune daga kishingiɗa yana nanata gargaɗi a kanta, har sahabbai suka yi fatan ya sassauta. Faɗin aibi a wurin da ake neman shawara ba giba ba ce: Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta kawo sunayen masu neman aurenta, Annabi ya gaya mata aibin kowanne a fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka ɓoye, yaron naka ya tafi daji da bindiga da wannan ciwo, waɗanda ke kwance kusa da shi a rami su ma 'ya'yan wasu ne.

Wanda aka mayar kuma kada a yi masa gori a dandali. Aya ta 91 ta Suratut Tauba ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya, aya ta 92 ta ambaci waɗanda suka juya suna hawaye don an rasa abin hawan da za a ba su. A hanyar dawowa daga Tabuka Annabi ya shaida wa mayaƙa cewa akwai mutane a Madina da ke tare da su a kowane kwari da suka ratsa, uzuri ne ya tsare su.

Rabin matsalar kuwa, in mun tuna da lissafin can, bayan sa kaki take farawa. Sayyadina Umaru yana zagayen dare ya ji wata mata tana kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsatu iyakar haƙurin mace, ya yanke cewa kada a tsare mayaƙi fiye da wata huɗu, wasu ruwayoyi suka ce shida. Ya yi don matan ne, amma mazan ma sun amfana. Sojanmu sun sha kokawa da daɗewa a fagen fama ba canji. Rundunar Fansan Yamma da aka kafa a 2024, mai hedkwata a Gusau, tana da yara a sansanonin da ke nesa da kowane likita, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan duka ba su kai 300 ba. Ke nan ido na farko shi ne na saje da na abokin kwana, da na limamin bariki, tun da rundunar soja tana da sashen harkokin addinin Musulunci da limamanta. A koya musu alamu: wanda ya janye daga jama'a, wanda ya fara rabar da kayansa, wanda ke yawan cewa ya zame wa kowa nauyi. In an ga haka a zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye, a raba shi da makami na ɗan lokaci ba da wulaƙanci ba, a kai shi ga likita. Wannan raba shi da makami ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙuncin da ke kai mutum ga halaka yakan zo ne kamar hadari, ya wuce. A 2006 sojan Isra'ila suka hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, kashe kai a cikinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100. Hikima ko a hannun wa aka gan ta ana ɗauka. Duk abin da muka faɗa kuma ya hau kan Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600 da gwamnatin jiha ta yaye a Janairun 2024, waɗanda da yawansu 'ya'yan ƙauyukan da aka ƙone ne, suna kuma aiki a inda aka yi musu ɓarnar.

Saura hukuncin wanda ƙaddara ta riga ta faɗa masa, domin ana yawan tambaya. Masu wa'azi sun fi kawo ƙissar Ƙuzmanu, wanda ya yi yaƙi kamar zaki, ya ji rauni, ya gaggauta wa kansa mutuwa, Annabi kuwa ya riga ya faɗi makomarsa. Gaskiya ce, amma shi da bakinsa ya ce don kare martabar danginsa ya yi yaƙi, ba don addini ba, kuma wahayi ne ya bayyana halinsa, mu ba a yi mana wahayi. Muslimu ya ruwaito wata ƙissar da ba a cika ji ba. Wani mutum ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi, ya kamu da ciwo a Madina, ya kasa daurewa, ya yi wa hannuwansa lahanin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali amma hannuwansa a lulluɓe, ya ce an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai ba a gyara masa abin da ya ɓata da kansa ba. Da aka gaya wa Annabi, sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannuwan su ma. Imamu Nawawi ya kafa hujja da wannan cewa wanda ya kashe kansa bai kafirta ba, yana ƙarƙashin ganin damar Ubangiji. An ruwaito Annabi bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, don jan kunne, amma bai hana jama'a ba. A mazhabarmu Imamu Malik ya ce a yi masa wanka da salla da duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Wanda kuwa ciwo ya gusar wa da hankali, an riga an ɗauke masa alƙalami. Saboda haka hana gawarsa maƙabarta, ko ƙaurace wa gaisuwar iyayensa, ko ƙin neman auren ƙannensa, duk al'ada ce da ba ta da mazauni a fiƙihu.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba iddar matar sojan da ya ɓace a fagen fama, ba a ga gawarsa ba.